Tasha, Magajiya da Takardar Gwaji: Tarihin Yaƙi da Ƙanjamau a Hanyar Jega

Motar da aka yi wa lodin albasa a Aliero da la'asar ba ta isa Legas sai ta kwana a hanya, sau da yawa kwana biyu ko uku. Za ta ratsa Jega, ta bi ta ƙasar Maiyama inda Andarai take, ta wuce Koko da Yawuri, ta shiga Kontagora, ta ƙetare Kwara a Jebba, sannan Ilori da Badun. A kowane zango akwai mai shayi, da mai abinci, da mai facin taya, da ɗakunan kwana, da waɗanda ke jiran baƙo. Wannan titi, wanda taswirar gwamnatin tarayya ke kira A1, shi ne jijiyar arzikin yankin. Shi ne kuma dalilin da ya sa tarihin cutar ƙanjamau a Jega da Aliero da Maiyama ba ya rabuwa da tarihin hanya, ko da yake ba ta fuskar da aka daɗe ana zato ba.

Hanyar ta girmi kwalta nesa ba kusa ba. Kusa da Jega ne Gimbana take, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda harin da mayaƙan Gobir suka kai masa ya kasance cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Gudu a 1804. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega a bakin gulbin Zamfara a shekarun 1820, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 19 kasuwarta ta shiga sahun manyan kasuwannin daular Sakkwato. Fataken goro masu zuwa Gwanja suna yada zango a cikinta, ana hada-hadar gishiri da tufafi da dabbobi da bayi. Garin fatauci kuwa yana da nasa tsari na karɓar baƙo: maigidan da ke saukar da shi, dillalin da ke sayar masa, da gidajen mata masu zaman kansu waɗanda ke ƙarƙashin magajiya.

Magajiya muƙami ne da hukuma ta sani a garuruwan ƙasar Hausa. Ita ke sasanta rigima tsakanin matan, ita ke tattara abin da aka ɗora musu, ita ke tsayawa a gaban mai gari ko alƙali idan wata ta shiga matsala, kuma ta san wadda ta zo jiya da wadda za ta tashi gobe. A shekarun 1950 jam'iyyun NEPU da NPC duka sun dogara da irin waɗannan mata wajen kafa rassansu na mata. Abner Cohen, wanda ya yi nazari a Sabon Badun a farkon shekarun 1960, da Renée Pittin da ta yi nata a Katsina, sun nuna abu guda mai muhimmanci: karuwanci a ƙasar Hausa sau da yawa zango ne tsakanin aure da aure. Mace kan fito daga gidan miji, ta yi shekara ɗaya ko biyar tana zaman kanta a wani gari da ba a san danginta ba, sannan ta sake aure ta koma kulle. Masanan sun rubuta wannan ne tun kafin a san da wata ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki. Amma duk wanda zai fahimci yadda cutar ke tafiya a Arewa sai ya riƙe wannan bayani, domin yana nufin katangar da ke tsakanin gidan mata da gidan aure ba ta da kauri kamar yadda ake so a ɗauka.

A watan Yunin 1981 aka fara ba da rahoton cutar a Amurka, a 1983 masana a cibiyar Pasteur ta Faransa suka gano ƙwayar da ke haddasa ta. Najeriya ta sanar da nata masu cutar na farko a 1986, cikinsu har da yarinya 'yar shekara 13. Ministan lafiya na lokacin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ya kafa kwamitin ƙwararru a 1987, aka kuma buɗe shirin ƙasa na yaƙi da cutar a shekara mai bi. Jama'a dai ba su gaskata ba. A Kudu ana cewa ƙirƙirar Amurkawa ce don a hana mutane jin daɗi, a Arewa ana cewa ciwon Turawa ne ko na mutanen bariki. Sunayen da aka raɗa mata sun isa shaida: ƙanjamau, daga ƙanjamewar jiki, da kabari kusa. Suna irin wannan yana tsoratarwa, amma yana koyar da kuskure mai tsada, wato cewa za a gane mai cutar da ido. Mutum kan ɗauki ƙwayar shekara bakwai ko goma yana cike da ƙiba da ƙarfi, yana aure yana haihuwa, kafin alama ta farko ta bayyana. Shi ya sa daga baya ma'aikatan lafiya da masana harshe suka fi son a ce cuta mai karya garkuwar jiki, ko da yake tsohon sunan ya ƙi barin bakin mutane.

An ƙirƙiri Jihar Kebbi a watan Agustan 1991, shekarar da Najeriya ta yi ƙidayarta ta farko ta masu ɗauke da ƙwayar. Hanyar ƙidayar ita ce a gwada jinin mata masu zuwa awon ciki a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, a ɗauki sakamakon a matsayin madubin ƙasa. A 1991 an sami kashi 1.8 cikin 100. A 1999 ya kai 5.4, a 2001 ya taɓa 5.8, wanda shi ne ƙololuwa. A tsakiyar wannan hauhawa ne, ranar 2 ga Agustan 1997, Fela Anikulapo-Kuti ya rasu, yayansa Olikoye ya fito gaban 'yan jarida ya faɗi abin da ya kashe shi. Ba ƙaramin abu ba ne babban gida ya ambaci sunan cutar da bakinsa a wancan zamani.

Da aka tashi neman inda za a tare cutar, idon masana ya faɗa kan hanya. Darasin gabashin Afirka ne ya ja su: a can an ga yadda ƙwayar ta bi titin Mombasa zuwa Kampala tare da manyan motoci. A 1993 I. O. Orubuloye da John da Pat Caldwell suka wallafa nazari kan direbobin dogon zango da mata 'yan talla a hanyar Ilori zuwa Badun zuwa Legas, wato kudancin wannan titi da ya ratsa Jega, suka nuna yawan abokan kwanan da direba kan yi a zango-zango. Daga nan direban babbar mota ya zama fuskar haɗari a kusan kowace takardar shiri. Aka shiga tashoshi ta hannun ƙungiyar direbobi ta NURTW, aka liƙa hotuna, aka horar da 'yan kamasho su yi wa 'yan'uwansu bayani, kwaroron roba na Gold Circle ya shiga shagunan magani da teburan 'yan tireda. Wannan aiki yana da sauƙin karɓuwa. Direba namiji ne mai sana'ar halal, yana da ƙungiya, yana da shugaba da ofis, kuma babu jami'in da zai ji kunyar a ɗauke shi hoto yana jawabi a tasha.

Ɗaya ɓangaren cinikin, wato matan da direban ke sauka wurinsu, shi ne ya zama mai wuya, kuma shekarar 2000 ta ƙara masa wuya. A shekarar ce gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin NACA don haɗa kan yaƙin a ƙasa baki ɗaya. A shekarar ce kuma jihohin Arewa, bayan Zamfara ta buɗe hanya, suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci zuwa laifuffuka, Kebbi na cikinsu. Jama'a da yawa sun yi maraba da wannan sauyi, kuma rufe gidajen giya da caca da na karuwai yana cikin abin da suka nema. Sai dai rufe gida bai kawar da talauci da sakin aure da suka cika gidan ba, bai kuma kawar da masu zuwa ba. Wasu matan sun tuba sun yi aure. Wasu sun koma kasuwannin barikin soja inda dokar jiha ba ta shiga, wasu jihohin maƙwabta, wasu suka ƙetara Nijar, har ƙauyen Firji da ke bakin iyaka a hanyar Maradi ya yi suna da wannan. A Maradin kanta, a watan Nuwamban 2000, masu zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA sun far wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. Waɗanda suka rage a garuruwansu sun bar gida mai suna da magajiya, suka koma ɗakin haya, da rumfar abinci, da bayan tasha, sannan da wayar salula ta zo a 2001, suka koma lambar waya.

Ga ma'aikacin lafiya wannan asara ce ta zahiri, ko mene ne ra'ayinsa game da sana'ar. A da idan yana son ya gwada mata talatin, mutum ɗaya zai gaisar, ya roƙi izini, a tara masa su a tsakar gida. Magajiya na iya kafa doka cewa babu wanda zai shiga ɗaki ba kariya, ta kuma tsaya a kai, irin abin da ƙasar Tailan ta gina shirinta a kansa a farkon shekarun 1990 har ta karya lagon cutar. Mace guda a ɗakin haya, mai tsoron mai gida da ɗan sanda da ɗan hisba, ba ta da wannan ƙarfi a gaban namijin da ya ƙara mata kuɗi don ta yarda ba kariya. Kuma kwaroron da aka ba ta don tsare rai yana iya zama shaida a kanta idan aka same shi a jakarta.

A daidai wannan lokaci magani ya fara isowa. Tun 1996 aka tabbatar cewa haɗa magunguna uku yana danne ƙwayar har mai jinya ya tashi daga gadon mutuwa, amma kuɗinsa ya haura dala 10,000 a shekara. A cikin wannan rata ne masu iƙirarin warkarwa suka cika gari, wanda ya fi shahara shi ne Dakta Jeremiah Abalaka na Abuja, da mutane suka yi ta tururuwa wurinsa a wajen 1999 da 2000. A farkon 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da haɗin a kan dala 350 a shekara. A watan Afrilun shekarar shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, alkawarin da gwamnatin tarayya mai masaukin baƙi ba ta taɓa cikawa ba. A 2002 Najeriya ta buɗe shirinta na magani a cibiyoyi 25, da burin kai wa manya 10,000 da yara 5,000, mai jinya na biyan naira 1,000 a wata. Cibiyoyin akasari manyan asibitocin birane ne. Ga manomi a Andarai, naira dubun ita ce ƙaramar matsala. Babbar ita ce kuɗin mota duk wata, da kuɗin gwaje-gwaje, da amsar da zai bai wa maƙwabcin da ya tambaye shi abin da yake kai shi birni a kai a kai. Ba a daɗe ba ma maganin ya yanke a cibiyoyin na tsawon watanni. Abin da ya sauya lissafi shi ne kuɗin waje: asusun Global Fund da aka kafa a 2002, da shirin PEPFAR da Shugaba George W. Bush ya sanar a 2003. Daga 2006 magani ya zama kyauta, ya kuma fara sauka daga asibitocin koyarwa zuwa asibitocin ƙananan hukumomi.

Ba a karɓi wannan kyauta da hannu biyu ba a ko'ina, kuma shakkun yana da tushe. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, al'amarin da ya ƙare a kotu. A 2003 da 2004, lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, ɗaya daga cikin jita-jitar da ta yaɗu ita ce an sa ƙwayar ƙanjamau a cikin ɗigon. Ma'aikacin da ya zo ƙauye da allura yana neman ɗigon jini a waɗannan shekaru ya sha tambayoyi kafin a miƙa masa yatsa.

A 2007 Najeriya ta auna rukunonin da take kira masu haɗari kai tsaye. An yi binciken a jihohi biyar da Abuja, Kano ce kaɗai daga Arewa maso Yamma. Sakamakon ya kamata ya girgiza duk wanda ya shekara goma sha biyar yana nuna direba da yatsa. A cikin ma'aikatan sufuri, kashi 3.7 cikin 100 ne ke ɗauke da ƙwayar, adadin da bai wuce na sauran jama'a a lokacin ba. Sojoji da 'yan sanda ma haka. A cikin matan da ke zaune a gidajen karuwai kuwa, kashi 37.4 ne, a Kano kusan rabi. Maza masu neman maza kashi 13.5, masu yi wa kansu allurar ƙwaya 5.6. Da aka maimaita binciken a 2010 da 2014, na direbobi ya ƙara sauka har ƙasa da kashi 2, na matan gidajen ya sauko zuwa 27.4 sannan 19.4, alamar cewa inda aka iya isa gare su aikin ya yi tasiri. Na maza masu neman maza shi ne ya yi ta hawa, 17.2 sannan 22.9, ya kai kimanin kashi 25 a binciken 2020.

Akwai dalilin halitta a bayan wannan bambanci. Ƙwayar ta fi sauƙin wucewa daga namiji zuwa mace fiye da daga mace zuwa namiji, kuma macen da ke karɓar baƙi da yawa tana fuskantar haɗarin sau ɗaruruwa a shekara. Sannan gwaje-gwaje uku da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda tsakanin 2005 da 2007 sun nuna kaciya na rage wa namiji haɗarin kamuwa daga mace da kimanin kashi 60 cikin 100. Abin da ƙasashen kudancin Afirka suka kashe miliyoyin daloli suna yi wa manyan maza a asibiti, wanzamin ƙasar Hausa ya daɗe da gamawa tun yaro bai shiga makarantar allo sosai ba. Askar wanzamin ita kanta, idan ba a tafasa ta ko sauya ta ba, tana da nata haɗari, kamar reza mai yankan farce da allurar mai kemis, amma wannan ƙaramar ƙofa ce idan aka gwada da babbar.

Direba dai bai fita daga labarin ba. Matsayinsa ne ya sauya, daga tushe zuwa gada. Shi da ɗan kasuwar albasa, da ɗan ci-rani mai tafiya Kudu bayan kaka, da ɗalibi, da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, su ne ke haɗa ƙaramin rukuni mai yawan cuta da babban rukuni mai ƙarancinta. Ƙiyasin da hukumomin Najeriya suka yi a ƙarshen shekarun 2000 ya nuna kimanin kashi biyu cikin biyar na sababbin kamuwa suna faruwa ne tsakanin mutanen da ake ɗauka ba su cikin haɗari, wato ma'aurata da makamantansu. A gidan da ke da mata biyu ko uku, inda saki da sake aure ba baƙon abu ba ne, kuma bazawarar mamaci ba ta daɗewa ba ta sami wani mijin ba, ƙwaya ɗaya tana iya ratsa gidaje huɗu cikin shekara goma ba tare da ko ɗaya daga cikin matan ta taɓa ƙetare iyakar aurenta ba.

A nan ne Arewa ta samar da nata amsoshi, waɗanda ba daga Washington aka rubuto su ba. Malamai da iyaye suka fara neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, abin da ya fara a matsayin al'adar wasu masallatai da iyalai kafin wasu jihohi su mayar da shi doka; Kano ta sa hannu a kan tata a 2024, ta haɗa da gwajin ciwon hanta da na sikila. Ƙungiyoyin masu ɗauke da ƙwayar suka zama wurin neman aure, har hukumar Jihar Bauchi ta shiga haɗa irin waɗannan aurarraki, kuma littafin Kathryn Rhine na 2016 kan matan Kano ya nuna yadda rufin asiri da neman miji ke juya rayuwar mai cutar fiye da maganin kansa. Gwajin aure ya ceci mutane da yawa, amma iyakarsa a bayyane take. Yana duba rana ɗaya ce daga rayuwar aure. Wanda ya kamu cikin 'yan makonnin da suka gabata na iya fitowa ba shi da komai. Kuma inda aka mayar da takarda sharaɗi, kasuwar takardar jabu ba ta nisa.

Shekarar 2014 ta zo da dokoki biyu na tarayya masu jan igiya ɗaya ta fuskoki biyu. A watan Janairu Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi, wadda ta wuce aure ta haɗa da hukunta ƙungiyoyi da tarukan irin waɗannan mutane da masu tallafa musu. A shekarar kuma aka yi dokar hana nuna wariya ga masu ɗauke da ƙwayar. Ta farko ta sami goyon bayan Musulmi da Kirista kusan baki ɗaya. Amma likitocin da ke bin marasa lafiya a Abuja sun rubuta cewa tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a cikin wannan rukuni bayanta, kuma shi ne rukunin da cutar ke hauhawa a cikinsa. Da yawansu a Arewa magidanta ne masu mata da 'ya'ya.

Ƙasa ta sami kanta da aikin da ma'aikatar lafiya ta san dole a yi, amma babu gwamna ko ɗan majalisar da zai so a ga hannunsa a ciki. Mafitar da aka samu ita ce a bar wa baƙi. Ƙungiyoyi masu zaman kansu, da kuɗin Amurka da na Global Fund, suka buɗe cibiyoyi marasa allon suna inda mutum zai sami gwaji da magani da kariya a ɗaki ɗaya ba tare da layin asibiti ba. Suka ɗauki mutane daga cikin rukunonin da kansu, ana ba su ɗan alawus da kuɗin mota, su nemo 'yan'uwansu, su kai musu abin gwajin da ake yi da yawun baki, su bi wanda ya daina shan magani. A taƙaice, an sake ƙirƙiro aikin magajiya, amma a kan kwangilar shekara biyar, ana biya da dala. A Kebbi da Sakkwato da Zamfara, babban kason wannan tallafi ta hannun hukumar USAID ya riƙa zuwa.

Kimiyya ta ƙara wa tsarin nauyi. A 2011 wani babban gwaji ya nuna cewa fara magani da wuri na rage yaɗa ƙwayar ga abokin zama da kashi 96 cikin 100, binciken baya kuma ya tabbatar cewa wanda magani ya danne ƙwayarsa har ba a ganinta a awo ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Najeriya ta koma tsarin bai wa duk wanda aka samu da ƙwayar magani nan take a 2016, sannan ta koma ƙwaya ɗaya a rana mai ɗauke da dolutegravir, ana bayar da ta wata uku ko shida a tafi da ita gida. Ma'anar wannan ita ce, maganin da wata mace ke sha a ɗakin haya kusa da tasha shi ne rigakafin matar aure a Andarai wadda ba ta san da wanzuwarta ba.

A 2018 aka yi ƙidayar gida-gida ta NAIIS, ɗaya daga cikin mafi girma irinta a duniya, Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakon a watan Maris na 2019. Kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar, kimanin mutum miliyan 1.9 a ƙasar. Akwa Ibom ta haura kashi 5. Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci, da kashi 0.6. Labari ne mai daɗi, amma yana da ƙaya. Inda cuta ta yi ƙaranci a cikin jama'a, gwajin kowa da kowa a kasuwa ɓarnar kuɗi ne, domin sai an soki yatsa ɗari da sittin ko fiye kafin a sami mutum ɗaya. Dole a je inda take a tattare, wato wurin mutanen da doka da kunya suka tura ɓoye. Ƙarancin kuma yana ba mai kasafi hujjar cewa ba matsalarsa ba ce.

Wani bincike na shekarar, na lafiyar iyali na ƙasa, ya fito da adadin da ya fi shafar Kebbi kai tsaye. Kimanin kashi 15 cikin 100 na mata masu ciki a jihar ne ke samun awo daga ƙwararren ma'aikaci, mafi ƙaranci a Najeriya, kuma ba a kai haihuwa ɗaya cikin goma da ake yi a asibiti ba. Wannan yana nufin tsohuwar ƙidayar da ta dogara da masu zuwa awo tana kallon ɗan tsirarin matan jihar ne kawai tun 1991. Yana kuma nufin ƙofar da aka fi dogara da ita don gano matar aure mai ɗauke da ƙwayar, da kare jaririnta, a rufe take ga mafi yawa. Ba tare da magani ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na uwaye masu ƙwayar kan kamu a ciki ko wajen haihuwa ko shayarwa. Da magani adadin kan sauka ƙasa da 5. Jega na da kwalejin horar da ma'aikatan lafiya, Aliero na da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, amma a ƙauyukan da ke tsakaninsu ungozoma ce ke karɓar haihuwa, kuma shirin da bai sa abin gwaji a hannunta ba bai shiga ɗakin ba.

Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin dakatar da tallafin Amurka na ƙetare, kwanaki kaɗan bayan haka aka umarci ƙungiyoyin da ke aiki da kuɗin su tsaya. Zuwa lokacin PEPFAR ta kashe fiye da dala biliyan 6 a Najeriya, kuma mafi yawan kuɗin yaƙi da cutar a ƙasar daga waje yake zuwa. An yi sassauci daga baya don maganin masu jinya ya ci gaba, amma sassaucin ya taƙaita maganin rigakafi ga mata masu ciki da masu shayarwa, ya bar rukunonin da ƙididdiga ta nuna sun fi kowa buƙata. Kafin tsakiyar shekara an rushe USAID ɗungurungum. Gwamnatin tarayya ta motsa da sauri fiye da yadda ta saba: a watan Fabrairu majalisar zartarwa ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani, aka kuma ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya. Kuɗin ƙwayoyi ne da kayan awo, abubuwan da ake iya karewa a zauren majalisa. Alawus ɗin matar da ke zagaya ɗakunan haya da abin gwaji a cikin jakarta ba shi da layi a kasafin kowace jiha da zai gaje shi cikin sauƙi.

A watan Yunin shekarar hukumar magunguna ta Amurka ta amince da lenacapavir, allurar rigakafi da ake yi sau biyu a shekara, wadda a gwajin da aka yi kan 'yan mata a Afirka ta Kudu da Uganda ba a sami ko ɗaya da ta kamu ba cikin waɗanda aka yi wa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da ita a watan Yuli, an kuma ƙulla yarjejeniyar da kamfanonin Indiya za su sayar da ita a kan dala 40 a shekara daga 2027. Allurar ta dace da macen da ba za ta iya ajiye kwalbar magani a ɗaki ba, da mai tafiyar da ba ya kwana uku a gari ɗaya. Sharaɗinta shi ne a dawo bayan wata shida, wanda ke nufin sai an sami wanda ya san sunan da matar ke amfani da shi a Jega, da wanda take amfani da shi a Kontagora, da lambar da za a same ta idan ta sauya gari.